Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Kafin A Sa Hannu Kan Filin Bakin Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Gadarif zuwa Doka har Galabat a bakin iyakar Habasha, ko kuma ya taɓa shiga yankin Simsim lokacin yankan riɗi, ya san cewa a waɗannan garuruwa babu wuri mai daraja kamar ɗan filin nan da ke tsakanin tasha da ƙofar kasuwa. Nan ne mai shayi ke hura gawayinta tun kafin gari ya waye, nan mai ful ke kafa tukunyarsa, nan ake sayar da godogodo da rana, idan kuma la'asar ta yi sanyi mai agashe ya haɗa wuta, hayaƙinsa ya kira direba da ɗan dako da lebura. Akasarin waɗannan bayin Allah ba su da wata takarda a kan wurin da suke zaune in ban da rasit ɗin kuɗin da ma'aikacin ƙaramar hukuma ke karɓa. To, wannan filin dai shi ne wanda idon kowane mai jari zai fara sauka a kansa ranar da ya yi niyyar gina gidan abincin zamani, irin mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, inda ake miƙo wa mutum soyayyar kaza da dankalin turawa a cikin kwali kafin ya gama ƙirga canjinsa. Kuma mai jarin nan ba wajen mai agashe zai je neman izini ba. Ofis zai nufa, gaban kwamitin tsara gari.

Abin da ya sa na ga ya dace a yi wannan magana yanzu shi ne yadda al'amura suka juya a gabashin Sudan tun daga watan Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, musamman bayan da Wad Madani ta faɗi a watan Disambar wannan shekara. Jama'a sun kwararo Gadarif da Kasala da Fot Sudan, kuma ba talakawa kaɗai suka zo ba, har da masu shaguna da masu gidajen abinci na babban birni, da jarinsu da dabarunsu. Gaskiya ne sojoji sun koma Madani a Janairun 2025, suka koma Khartum a watan Maris, mutane da dama kuma suka bi bayansu zuwa gida. Amma mai kuɗin da ya ga yadda ciniki ke tafiya a garin da kuɗin riɗi da dawa ke zuba da kaka, ba zai manta ba. Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa maganar gidan abincin zamani magana ce ta manyan birane da ba za ta iso ƙananan kasuwanni ba.

Bari in fayyace matsayina tun da wuri, domin kada a yi mani mummunar fahimta. Ni ba na cikin masu cewa a hana gina irin waɗannan gidaje. Wanda ya kawo jarinsa ya gina wuri mai tsabta, ya ɗauki samari aiki, ya sayi kaji da albasa da mai a hannun mutanen gari, ai alheri ya kawo. Kuma duk wanda ya ga abin da kwalara ta yi a jihar Gadarif daga watan Satumban 2023 ba zai yi wasa da maganar tsabtar abinci da ruwan wanke kwano ba, mu ma akwai gyara a wajenmu. Ban kuma yarda da masu tsoron cewa gidan gilashi zai ƙwace wa mai tukunya ciniki ba. A Nijeriya an buɗe Mr Bigg's a Legas tun 1986, Chicken Republic ta biyo baya a 2004, har suka bazu zuwa Arewa, amma har gobe tukubar mai tsire tana nan daram, kuma sau da yawa wanda ya fito daga gidan gilashin ne ke tsayawa a gabanta kafin ya tafi gida. Leburan da ya wuni yana yankan riɗi ba zai ɗauki ladan yininsa ya sayi cinyar kaza guda ba. Kowa da abokin cinikinsa.

Hasali ma idan ana maganar abincin da ake ci a tsaye a wuce, mu ne tsofaffin hannu a ƙasar nan. Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka a ƙafa, da waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, su ne suka shigo da agashe, wanda yau babu birnin Sudan da ba a cin sa, kuma sunan kansa ya isa shaida, domin daga gashi ya fito. Wato abin da ake neman kawo mana a cikin kwali, mu mun daɗe muna naɗe shi a takarda.

Abin da ke kashe mai ƙaramar sana'a shi ne a tashe shi daga inda ƙafa ke bi. Mai shayin da aka mayar bayan kasuwa, kusa da inda ake zubar da shara, ta rasa direbobin da suka saba tsayawa wajenta, ko da kuwa an ba ta rumfa sabuwa fil. Wannan tashin kuwa ba ranar da katafila ta zo ake yin sa ba. Ana yin sa ne watanni kafin nan, a kan tebur, ranar da aka shimfiɗa taswira aka ja layi aka sa hannu. Kukan da za a yi bayan haka ihu ne bayan hari.

Mutanen Simsim ba sa bukatar a ba su labarin abin da layi a kan taswira ke iya yi, domin yankin nasu kansa ɗan taswira ne. Sunan ma da Larabci riɗi yake nufi. Noman inji a ƙasar Gadarif ya faro ne a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, zamanin Turawan Ingila, don samar da dawa. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman inji, Bankin Duniya ya ba da rance, aka kuma zaɓi Simsim a matsayin wurin da za a fara. Safiyo ya shiga daji ya auna, aka sare itatuwa, aka yanka ƙasa gida-gida, gona guda fadan 1,000 ko fiye, alhali fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka ɗaya. Su wa suka samu? Galibi 'yan kasuwar birni da manyan ma'aikata da waɗanda suka yi ritaya, wato masu iya cika takarda da kawo jingina. Sannan a 1970, zamanin Numairi, aka yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Da yake rajistar da aka yi tun zamanin Turawa ta fi yawa ne a bakin kogin Nilu, sai kusan dukkan ƙasar gabas ta faɗa cikin wannan hukunci. An soke dokar a 1984, amma dokar da ta maye gurbinta ba ta sauya tushen maganar ba.

Sakamakon haka kowa ya gan shi. Makiyayin da kakanninsa suka bi burtali shekara da shekaru ya wayi gari ya tarar da burtalin ya zama gonar wani. Ƙaramin manomin da ke noma gefen daji ya zama lebura a gonar da a da yake ɗiban itace. Ba a kore su da bulala ba, ba a kuma ce sun yi laifi ba. Kawai dai lokacin da ake zanen ba sa wajen, kuma takarda ba ta san da zamansu ba. An samu dawa, an samu riɗi, Gadarif ta zama rumbun ƙasa, wannan babu musu. Amma tambayar da nake so ɗan kasuwa ya riƙe ita ce, da a ce an kira mutanen nan an tambaye su ina hanyar shanunsu take kafin safiyo ya kafa dutsensa, da an yi asarar buhu nawa? Ƙalilan ne, kuma da an huta da rigingimun manoma da makiyaya da ake ta fama da su har yau.

Irin wannan alƙalamin ne ke aiki a bakin kasuwa, sai dai a kan ɗan ƙaramin fili. A ƙarƙashin dokar tsara gari da rabon filaye ta 1994, hukumomin jiha ne ke duba bukatar wanda ke son fili ko sauya amfaninsa, ƙaramar hukuma kuma, wadda a nan ake kira mahalliyya, ita ke ba da lasisin sana'a da katin lafiya tana karɓar kuɗin kasuwa. Mai jari zai kawo zanen gininsa, injiniya ya buɗe taswirar gari ya duba. Me zai gani a wurin da mutum 40 ke cin abinci? Fili fetal. Rumfar kara ba ta fitowa a taswira, tukuba ba ta da lamba, kujerun mai shayi da dare ake kwashe su. Rasit ɗin da aka shekara 20 ana karɓa shaida ce ta cewa an biya kuɗin yini, ba ta cewa an mallaki taku ɗaya. Idan babu wanda ya tashi ya ce akwai mutane a nan, kwamiti zai sa hannu da zuciya ɗaya, kuma a ƙa'ida bai yi ƙarya ba.

Matan Khartum masu shayi sun daɗe da gane wannan. Shekaru suka yi suna shan samamen da ake kira kasha, a kwashe musu murhu da kofuna a mota, sai sun biya tara. Abin da ya fara ba su murya shi ne ƙungiya mai rajista, wadda Awadiya Mahmud Koko ta jagoranci kafawa tun 1990, har gwamnatin Amurka ta karrama ta a 2016. Mace ɗaya da tukunyarta ana iya korar ta da tsawa, amma ƙungiya mai littafin mambobi da hatimi dole a ba ta kujera.

'Yan uwanmu na kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙonni za su tuna abin da ya faru a Kano, kuma ya kamata mu ma na gabas mu san shi, domin idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. A zamanin gwamnatin Ganduje an yanka filaye a wuraren jama'a, ciki har da gefen filin Idi na Ƙofar Mata, mutane suka biya kuɗi, suka karɓi takardu, suka gina shaguna. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau mulki ranar 29 ga Mayun 2023, kafin mako ya zagayo katafila ta fara aiki, aka rushe ginin filin sukuwa, da na tsohon otal ɗin Daula, da shagunan filin Idin. Masu shagunan Idi, da yake suna da ƙungiya mai rajista, sun kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar Naira biliyan 30 a watan Satumba, daga baya a watan Disamba aka sasanta a kan biliyan 3. Ba ina nan don in ce wace gwamnati ce ke da gaskiya ba, wannan na Kanawa ne. Darasin da ya shafe mu biyu ne. Wanda ke da ƙungiya ya samu wani abu, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, yayin da ɗan teburin da ke raɓe a gefe ba a ma ambace shi ba. Na biyu kuma, filin jama'ar da aka raba a ɓoye ba ya zama lafiya ko ga wanda ya saya. Don haka shi kansa mai jarin da ke son gina gidan abinci, alherinsa ne a yi zaman duba bukatarsa a bainar jama'a, kowa ya faɗi ta bakinsa, domin izinin da aka bayar a gaban mutane ya fi wuyar yagewa idan mulki ya canja hannu.

Sai dai kuma zuwa gaban kwamiti ba shi ne cin nasara ba, sai an san irin maganar da kwamiti ke ji. A nan labarin wani ɗan gari a Ostiraliya mai suna Tecoma, kusa da Melbon, yana da amfani. Kamfanin McDonald's ya nemi gina reshe a can a 2011. Mutanen garin suka rubuta takardun ƙin amincewa 1,170, majalisar ƙaramar hukumarsu ta ƙi ba da izini baki ɗaya. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke duba harkokin tsara gari, a 2012 kotun ta ba shi gaskiya, saboda a rubuce filin na kasuwanci ne, kuma ƙin jinin abu ba hujja ba ce a dokar gini. An yi zanga-zanga, wasu har kan rufin gini suka hau suka kwana, amma a Afrilun 2014 aka buɗe gidan abincin. A birnin Rum kuwa kamfanin nan dai ya nemi gini kusa da tsoffin wuraren wanka na Karakala, ya sha kaye a babbar kotun harkokin mulki ta Italiya a Disambar 2021, domin wurin yana da kariya a rubuce tun kafin ya zo. A Landan ma, tsarin birnin na 2021 ya hana buɗe sabon shagon irin wannan abinci a cikin tazarar mita 400 daga ƙofar makaranta. Mai karatu ya lura, inda aka yi nasara abin da ke rubuce ne ya yi aiki, inda aka dogara da yawan jama'a da ɗaga murya kuwa an tashi a tutar babu.

Saboda haka idan an je, kada a ɓata lokaci ana cewa abincin baƙi ne ko zai lalata tarbiyyar yara. A yi maganar ruwa. Gadarif gari ne da ƙishirwa ta daɗe tana damunsa, unguwanni da yawa da kuran jaki ake kai musu ruwa, gidan abincin zamani kuwa yana shan ruwan da ya fi na layi guda na masu shayi. Daga ina zai ɗebo, kuma idan ya ja daga bututun kasuwa wa zai rasa? A yi maganar inda ruwan wanke-wankensa da tsohon mansa za su bi. Ƙasar nan laka ce baƙa, ba ta shan ruwa, da damina mota ma kan kafe a hanyar Simsim, kuma mutanen Gadarif sun san halin kwarin Abu Farga idan ya cika. 'Yan Kantin Kwari a Kano sun yi asarar dukiya mai yawa a ambaliyar 2022, kuma abin da kowa ya nuna da yatsa shi ne gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. A tambayi inda manyan motocin da ke lodin riɗi za su juya idan an katange filin, da inda motocin masu cin kazar za su tsaya. A tambayi nisan tukwanen gas da janareta daga rumfunan kara da shagunan masu yadi. Waɗannan tambayoyi ne da injiniya ba zai iya kau da kai daga gare su ba, domin aikinsa ne, kuma idan wuta ta tashi sunansa ne a kan takarda.

Bayan haka sai maganar mutanen da ke wurin. A je da sunayensu a rubuce, da sana'ar kowa, da shekarun da ya yi, da rasit ɗinsa. A nemi a sa sharaɗi a cikin izinin kansa, ba alkawarin baki ba, cewa za a bar layin rumfuna a gefen da ke fuskantar tasha, ko kuma idan tashin ya zama dole, a nuna sabon wurin a taswira, a ba shi lamba, a kai ruwa, kafin a kafa harsashin gidan gilashi. Akwai kuma wani sharaɗin da ba a cika tunawa da shi ba. Irin waɗannan harkoki suna zuwa suna tafiya. Shoprite da aka buɗe da gagarumin biki a rukunin shagunan Ado Bayero da ke Kano a 2014 ta rufe ƙofarta a Janairun 2024. A garin da cinikinsa na watannin kaka ne, gidan da ke ƙona man janareta dare da rana yana iya kasa kai damina biyu. Idan ya rufe, filin na wa? In ba a rubuta cewa zai koma ga amfanin kasuwa ba, to an yi amfani da sunan kaza ne kawai an mallaki fuloti mafi tsada a gari, gobe kuma a mayar da shi sito ko a sayar.

Ga shugabanninmu na kasuwa, da sarakunan fawa da na tasha, ina da magana, kuma su yi haƙuri da ita. An san yadda ake yi. Mai jari zai zo gaisuwa da dare, ya ce Alhaji kada ka damu, akwai shago guda a jikin ginin na ajiye maka. Daga nan sai a ji shugaba yana cewa a bar wa Allah, ci gaba ne ya zo. Shago guda ba ya ɗaukar mutum 40. Duk wanda za a tura gaban kwamiti, a tura shi da mutum uku ko huɗu, a ciki har da mace daga masu shayi da abinci, tunda su ne suka fi yawa a filin kuma su ne ba a cika gayyata ba, sannan abin da aka faɗa a can a dawo a karanta shi a gaban kowa.

Wani abin kuma da ya fi wannan nauyi, kada a kuskura a je da sunan ƙabila. Abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022, inda rigimar ƙasa da sarauta ta ci rayuka masu yawa, har zafinta ya kai Kasala da Gadarif, bai yi nisan da za a manta ba. Filin bakin kasuwa ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Bahabashiya mai kofi, akwai mutumin Darfur mai ful, akwai Balarabe mai kisra, akwai wanda yaƙi ya koro daga Jazira ya kafa tebur bara. Takardar da ke ɗauke da sunayen waɗannan duka takardar 'yan kasuwa ce, kuma babu jami'in da zai iya ajiye ta gefe ya ce ai rigimar wasu mutane ce.

Abin da za a iya farawa da shi bai bukatar lauya ko kuɗi mai yawa. Wakilan kasuwa su je ofishin injiniyan mahalliyya su nemi a nuna musu taswirar kasuwarsu da tasharsu, su ga me aka rubuta a kan filin da suke zaune, ko hanya ce, ko filin jama'a, ko kuwa tuni an ba shi lambar fuloti ba su sani ba. Su bar wasiƙa mai hatimin ƙungiya cewa duk bukatar da ta shafi wannan fili a sanar da su a rubuce, su karɓi kwafi da sa hannun wanda ya karɓa da kwanan wata. Lokacin yin haka shi ne da damina, sa'ad da hanya ta lalace, kasuwa ta yi sanyi, mutane ke da sarari. Da zarar an fara yankan riɗi a watan Oktoba babu mai iya barin teburinsa ya je ya zauna a bencin ofis.